Boyd Alexander: Hafsan da ya bi tsuntsaye har Tafkin Chadi

Duk mai binciken tsuntsayen Tafkin Chadi sai ya ci karo da sunan Alexander a littattafan kimiyya, liƙe da sunan wani ɗan tsurut ɗin tsuntsu mai yawan rera kuka a cikin ciyayin ruwa, wanda masana ke kira Acrocephalus rufescens chadensis. A 1907 ya bayyana shi a matsayin nau'in wannan yanki. Danginsa na kusa kuwa baƙi ne, kowace shekara suna ratso Sahara daga Turai su yada zango a gaɓar tafkin.

An haifi Boyd Alexander a 1873 a Cranbrook da ke Ingila. Soja ne, kuma yana cikin rundunar Birtaniya da ta je Kumasi a 1900 lokacin yaƙin Asante. Ko a can bai daina harbo tsuntsaye yana busar da fatunsu ba.

Babbar tafiyarsa ta fara a 1904, shekara guda bayan faɗuwar Kano da Sakkwato. Ya bi Binuwai da jiragen ruwa biyu na ƙarfe, ya nufi Borno. Tun a shekarar farko zazzaɓi ya kashe ƙanensa Claud a Maifoni, inda Maiduguri take a yau. Ya shafe watanni yana fama da taɓo da ciyayi a tafkin, yana zana taswira. Kyaftin Gosling ma ya rasu a hanya a 1906, shi kuwa ya isa kogin Nil ya koma gida a 1907.

Sai dai ilimin nan a inuwar bindiga aka tara shi, taswirar kuma masu mulkin mallaka ta fara yi wa amfani. Fatun tsuntsayen suna gidan adana tarihi na Birtaniya. An san sunan mataimakinsa José Lopes, mutumin Kef Bade, amma ƴan dako da masunta da suka nuna hanya ba su samu tsuntsu ko ɗaya da sunansu ba.

A Afrilun 1910, ana tsakiyar rikicin Faransa da mutanen Wadai, aka kashe shi a arewacin Abece yana da shekara 37. An binne shi a Maifoni, kusa da kabarin ƙanensa.