Sydney Ringer: Likitan da ya amsa kuskurensa, ya gano abin da ke riƙe bugun zuciya

Daga Sabon Birni zuwa Isa, duk wanda ya taɓa jinyar mai amai da gudawa, ko mai haihuwa da ta zubar da jini, ya san ledar ƙarin ruwa da ake ratayewa a gefen gado. Da yawa daga cikin ledojin nan suna ɗauke da sunan Ringer, wani likitan Ingila da ya rasu tun 1910.

An haifi Sydney Ringer a garin Norwich a 1835. Ya yi karatu a asibitin University College da ke Landan, kuma a can ya yi aikinsa. Bayan duba marasa lafiya, yakan koma ɗakin gwaji, inda yake cire zuciyar kwaɗo ya riƙa ba ta ruwan gishiri don ya ga tsawon lokacin da za ta yi tana bugawa.

A 1882 ya wallafa sakamakon gwajinsa. Daga baya ya gano cewa mataimakinsa ruwan famfo yake haɗa gishirin da shi, maimakon tataccen ruwa. Da aka sake gwajin da tataccen ruwa, zuciyar ba ta jima ba ta raunana ta tsaya. Ringer bai rufe maganar ba. A 1883 ya bayyana kuskuren a rubuce, tare da dalilinsa: ruwan famfon na ɗauke da sinadarin kalsiyam, wanda zuciya ba ta iya matsewa sai da shi. Ya kuma nuna cewa fotasiyam idan ya yi yawa yakan tsayar da ita a sake.

Wannan binciken ne ya zama tushen kare zuciya a ɗakin tiyata. Idan an sa majiyyaci barci za a yi aiki cikin zuciyarsa, yawanci sai an datse mata jini na ɗan lokaci. Rashin jinin na cutar da ita, dawowarsa ma na iya ƙara ɓarna, domin a lokacin ne kalsiyam kan cika ƙwayoyin naman zuciya fiye da ƙima. A 1955 Denis Melrose ya tsayar da zuciya da gangan da fotasiyam mai yawa, amma haɗin nasa ya riƙa lalata ta. Sai a shekarun 1970, a wurare irin su asibitin St Thomas na Landan, aka daidaita ma'aunin gishirin aka kuma sanyaya ruwan, zuciya ta huta ba tare da ta ƙone ƙarfinta ba.

Ringer bai ga wannan ba. Ya rasu ranar 14 ga Oktoba, 1910, a ƙauyen Lastingham. A shekarun 1930 Alexis Hartmann, likitan yara a Amurka, ya yi wa haɗinsa ƙari, aka sami ruwan da ake ɗaura wa majiyyata a yau.