ABUL ƘASIM AZ-ZAHRAWI, LIKITAN DA YA KOYAR DA AUNA RAUNI KAFIN A SA MASA HANNU

A wannan mako filin zai kawo tarihin wani bawan Allah daga cikin malaman Andalus, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen ɗinke raunuka da cire kibau da ɗora karaya, watau Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi, Allah ya ji ƙansa.

An haife shi wajen shekarar 936 ta Miladiyya a ƙasar Andalus, wadda yanzu take cikin Sifen. Laƙabinsa ya samo asali ne daga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina a kusa da Ƙurɗuba. A wancan zamani Ƙurɗuba tana cikin manyan biranen duniya wajen ilmi da arziki, balle a zamanin Halifa Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, ya kuwa tara littattafai daga gabas da yamma. A cikin wannan ni'ima Az-Zahrawi ya tashi, ya yi karatu, ya kama aikin likita. Ƙasar kuwa ba ta rabuwa da yaƙi a kan iyakokinta na arewa, saboda haka bai rasa masu sara da suka da harbin kibiya da za a kawo masa ba.

Da girma ya zo masa, sai ya tattara abin da ya karanta da abin da ya gani da idonsa a cikin littafi guda, wanda ya gama wajen shekarar 1000. Sunan littafin Attasrif liman ajaza anit ta'alif, ma'anarsa a taƙaice, littafin da zai wadatar da wanda ba shi da ikon tattara ilmin da kansa. Ya kasa shi kashi 30. Kashi na ƙarshe shi ne na aikin hannu, watau abin da ake kira tiyata a yau, shi ma ya raba shi babi uku. Na farko a kan ƙuna da ƙarfe mai zafi, na biyu a kan tsaga da huji da raunuka da cire kibiya, na uku a kan ɗori da mayar da gaɓar da ta goce. A ciki ya zana surar kayan aiki kusan 200, da wuƙaƙe da allurai da hantsaki da zarto, domin almajiri ya kai wa maƙeri ya ƙera masa. Ya ɗebi abubuwa da yawa daga likitocin Yunan, musamman Jalinus da Bulus mutumin tsibirin Ajina, amma ya riƙa gwada maganarsu da abin da ya faru a hannunsa, ya ƙara nasa.

Abin da ya sa shi wannan aiki ya faɗe shi tun a farkon babin. Ya ga aikin hannu ya lalace a ƙasarsu, ya koma hannun waɗanda ba su san yadda aka halicci jikin ɗan Adam ba. Ya ba da labarin wani likita da ya tsaga kumburi a wuyan wata mata, ya yanke jijiyar jini, ta yi ta zubar da jini har ta cika a gabansa. Ya kuma ba da labarin wani yaro da ya karye a ƙafa kusa da idon sawu, ga kuma rauni a wurin. Likitan da aka kira ya ɗaure ƙafar tamau da karan ɗori a kan raunin, bai bar masa kafa ba, ya tafi ya bar shi kwanaki. Ƙafa ta kumbura, yaro ya kusa halaka. Da aka kira Az-Zahrawi ya kwance ɗaurin, zafin ya ragu, amma ruɓa ta riga ta kama naman, ta yi ta ci har yaron ya rasu. Saboda irin wannan ne ya gargaɗi almajiransa, waɗanda yake kira 'ya'yansa, cewa aikin hannu iri biyu ne, akwai wanda galibi ake samun lafiya a cikinsa, akwai kuma wanda galibi halaka ke biyo bayansa, wajibi ne kuwa likita ya rarrabe su tun kafin ya ɗauki wuƙa.

To, ta yaya ake rarrabewa? Nan ne gwanintarsa ta fito. A wajen harbin kibiya ya jera alamun da ke nuna gaɓar da aka taɓa a ciki. Idan kibiya ta kai ga ƙwaƙwalwa, za a ga matsanancin ciwon kai da jiri da jan ido da gushewar hankali da amai, wani lokaci jini ya fito ta hanci ko ta kunne, ko magana ta ɗauke. Idan zuciya ta samu, kibiyar takan riƙa motsi daidai da bugun jini, hannuwa da ƙafafu su yi sanyi, gumi mai sanyi ya keto, mutum ya suma. Idan huhu ne, jini mai kumfa ke fitowa, launin mutum ya sauya, ya riƙa haki yana neman iska. Idan tumbi ne abinci kan fito ta raunin, idan kuwa mafitsara ce fitsari ke fitowa. A wajen karayar ƙoƙon kai ma ya rarraba ta iri iri. Akwai wadda ta tsaya a ƙashi, akwai wadda ta ratsa har fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, akwai tsaga siririya kamar gashi wadda ba a ganinta sai an shafa tawada a kan ƙashin, akwai kuma loɓawa irin ta tasar tagulla idan an buge ta, wadda ta fi samun kawunan yara saboda taushin ƙashinsu.

Ɗalibin fiƙihu zai ga wannan tsari bai zame masa baƙo ba. Mutanen Andalus mabiya mazhabar Imamu Malik ne, kuma Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa, zamani ɗaya suka yi da Az-Zahrawi, domin ya rasu a 996. A babin raunuka malaman fiƙihu sun ba kowane rauni suna gwargwadon zurfinsa. Mudiha ita ce wadda ta bayyana ƙashin kai ko na fuska, diyyarta raƙuma 5. Munaƙƙila ita ce wadda ta farfasa ƙashi har ɓaraguzansa suka gusa, diyyarta raƙuma 15. Ma'amuma ita ce wadda ta kai ga ƙwaƙwalwa, Ja'ifa kuwa wadda ta shiga cikin ciki, kowace ɗaya sulusin cikakkiyar diyya ce, wadda take raƙuma 100. Kuma ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga inda ya tsaya. Alƙali yana auna rauni domin ya ba mai haƙƙi haƙƙinsa, likita yana auna shi domin ya san abin da zai yi wa mai shi, dukkansu biyu kuwa sun haɗu a kan cewa ba a hukunta rauni da kallo ɗaya.

Kada a zaci wannan taka-tsantsan tsoro ne. Inda ya ga akwai hanya, Az-Zahrawi ya kan shiga aikin da wasu suka gudu. An kawo masa wani mutum da aka soka da wuƙa a ciki, tsawon raunin ya fi taƙi guda, hanji ya fito waje ya yi kwana da yini. Likitoci suka ce ba zai tashi ba. Shi kuwa ya mayar da hanjin, ya ɗinke cikin, kuma da yake a wurin babu man shafawa ko wani magani, sai ya riƙa sa tsohuwar auduga a kan raunin sau biyu a yini yana wanke shi da ruwan zuma. Cikin kwana 15 ko kusa da haka raunin ya haɗe, mutumin ya rayu shekaru masu yawa. Haka kuma wata kuyanga ta yanki maƙogwaronta da wuƙa. Da ya duba ya tarar iska na fita ta raunin amma manyan jijiyoyin wuya ba su yanku ba, sai ya ɗinke, ta warke, ba abin da ya rage sai 'yar dusashewar murya. Daga nan ya fahimci cewa tsaga maƙogwaro domin a ba mutum hanyar numfashi ba lalle ne ya kashe shi ba. Wani sarkin yaƙi kuma kibiya ta shige masa ta hanci ta ɓace a ciki. Bai yi gaggawar tono ta ba, ya yi ta jinyar wurin yana lalube a hankali wata da watanni, har ta matso ya kama ta ya zare.

Ya bayyana hanyoyin tsayar da jini filla filla. Da farko a danne bakin jijiyar da yatsa, sa'an nan a zaɓi ɗayan huɗu, ko a ƙona ta, ko a ƙarasa yanke ta domin bakinta ya tsuke, ko a ɗaure ta da zare mai ƙarfi, ko a sa maganin da ke daskarar da jini a ɗaure. A wajen ɗinkin hanji ya ambaci dabarar masu amfani da manyan tururuwa, waɗanda ake sa su ciji leɓɓan raunin sa'an nan a yanke jikinsu a bar kawunan a maƙale, ya kuma ambaci ɗinki da siririn zaren da aka yi da hanjin dabba. Irin wannan zare jiki kan narkar da shi da kansa, ya kuwa daɗe a asibitocin duniya, sai daga shekarun 1970 zaren roba mai narkewa ya fara maye gurbinsa. A wani kashi na littafin ya ba da labarin mutanen wani ƙauye waɗanda mazansu kan mutu da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni, wannan kuwa yana cikin bayanai na farko da aka rubuta a kan ciwon rashin daskarewar jini da ake gado.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo daidai da lokacin fitina. Tun daga 1009 yaƙin basasa ya ɓarke a Andalus, aka washe Madinatuz Zahra aka bar ta kango, shi kuwa ya rasu wajen 1013. Ibn Hazm, babban malamin Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1064, ya lissafa littafinsa cikin abubuwan da Andalus ke alfahari da su. A ƙarni na 12 wani Bature mai suna Jirad, mutumin Kiremona ta Italiya, ya fassara kashin tiyata zuwa Latin a birnin Tulaiɗila, Turawa suka riƙa kiran mai littafin Albukasis. Babban likitan Faransa Gi do Sholiyak ya ambace shi sau da yawa ƙwarai a littafinsa na tiyata na 1363. An buga fassarar a Benis a 1497, aka buga Larabcin tare da Latin a Okusfod a 1778, aka fassara shi da Faransanci a 1861, da Ingilishi kuma a 1973.

Ilmi ya ci gaba ƙwarai bayansa. Bai san ƙwayoyin cuta ba, ba shi da hoton ƙashi ko ƙarin jini, kuma da yawa daga raunukan da ya ce a ƙyale su, yau ana ceto masu su. Amma tambayar da ya fara da ita tana nan. A 1974 likitoci biyu a birnin Gilasgo, Tisdel da Janet, suka fito da ma'aunin da ake gane girman bugun kai da shi, ana duba buɗe ido da magana da motsin jiki, a ba da maki daga 3 zuwa 15. A shekarar dai Susan Beka da abokan aikinta a Amurka suka fito da wani ma'auni na wanda ya ji raunuka da yawa a lokaci guda, wanda makinsa ke kaiwa 75. Da irin waɗannan ake sanin wa za a fara dubawa idan an kwaso mutane daga hatsarin mota. Binciken Joj Winta na 1962 ya nuna rauni ya fi saurin yin sabuwar fata idan an rufe shi da ɗan danshi, kuma zumar da aka tsabtace musamman domin jinya tana cikin abin da ake sa wa miki a asibitoci.

Labarin yaron nan mai karaya kuwa ya kamata kowane uba ya riƙe shi, domin har yanzu likitocin ƙashi a Nijeriya suna yanke hannuwa da ƙafafun yara waɗanda aka ɗaure musu karaya tamau har jini ya daina gudana. Masu ɗori da wanzamai suna da basira da gadon sana'a, an kuwa daɗe ana cin moriyarsu, amma karayar da ke da rauni a kanta, da gaɓar da ta kumbura ta yi sanyi ko ta sauya launi bayan ɗauri, da bugun kai mai amai ko gushewar hankali, da suka a ƙirji ko a ciki, duk na asibiti ne ba tare da jinkiri ba. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san aikin ba, to, lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. Wanda ya san iyakar saninsa ya miƙa majinyaci ga wanda ya fi shi, ya kuɓutar da rai, ya kuma kuɓutar da kansa ranar hisabi.

Allah ya ji ƙan Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya saka masa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gida da na asibiti, amin.