M. G. Smith

Michael Garfield Smith (18 ga Agusta 1921 – 5 ga Janairu 1993), wanda aka fi sani da M. G. Smith, marubucin waƙoƙi ne ɗan ƙasar Jamaika, kuma masanin al'adu da tsarin sarauta. A ƙasar Hausa an san shi da littattafansa kan masarautun Zazzau, Daura da Kano.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Kingston. Ya yi karatu a Jamaica College, inda ya yi abota da Michael Manley, wanda daga baya ya zama firaministan ƙasar. Wannan abota ce ta kai shi Drumblair, gidan iyayen Manley, inda masassaƙiya Edna Manley take tara matasan marubuta da masu zane da ke son adabin Jamaika ya daina kwaikwayon na Ingila. Waƙoƙinsa sun fito a mujallar Focus, wadda Edna ta fara fitarwa a 1943.

Ya tafi Jami'ar McGill a Kanada, sai ya shiga sojan ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya karanci ilimin al'adu a Landan a hannun Daryll Forde. Daga nan bincike ya rinjayi waƙa a rayuwarsa.

Iyali da zaman Zariya

Ya auri Mary Morrison, suka zo ƙasar Zazzau tare, inda ya yi bincike a 1949 da 1950. Saboda kulle, baƙo namiji ba ya shiga cikin gida, don haka ɓangaren mata ya koma hannun Mary, wadda ta koyi Hausa. A Giwa ta saba da wata dattijuwa mai suna Baba, ta rubuta labarin rayuwarta da Hausa daga bakinta, sannan ta fassara shi zuwa Turanci. Littafin, Baba of Karo, ya fito a 1954 tare da gabatarwar Smith, a kamfanin Faber and Faber, inda mawaƙi T. S. Eliot yake cikin daraktoci. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. Har yau ana dogara da shi wajen sanin aure, bauta da zumuncin matan Hausawa kafin zuwan Turawa da bayansa.

Ayyuka da rasuwa

Cikin littattafansa akwai Government in Zazzau (1960), The Affairs of Daura (1978) da Government in Kano (1997), wanda ya fito bayan rasuwarsa. Ya koyar a Los Angeles da Landan da Jami'ar Yale, ya kuma zama mai ba gwamnatin Michael Manley shawara. Ya rasu a Ingila yana da shekara 71.