Likita Robert Koch, Wanda Ya Nemi Cuta a Jinin Masu Lafiya

An haifi Robert Koch a garin Clausthal na ƙasar Jamus a shekara ta 1843. Da ya gama koyon aikin likita sai ya zauna a wani ƙaramin gari, yana duba manoma. In ya sami sarari sai ya ɗauki madubin likita, wanda ke girmama abin da ido ba ya gani, ya yi ta bincike. Daga baya ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882.

A 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya nuna cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓi. Amma daga jinin wa sauron ke samunta? Koch ya bi sawun wannan magana har tsibirin Niyu Gini. Can a 1900 ya bi ƙauyuka yana duba jinin mutane, marasa lafiya da masu lafiya duka. Sai ya tarar yawancin ƙananan yara suna da ƙwayar, har da waɗanda ke wasa lafiya lau. Manya kuwa jikinsu ya saba da ita. Ashe mutum na iya ɗauke da cutar bai sani ba, sauro ya cije shi, ya kai wa maƙwabcinsa. Saboda haka Koch ya ba duk wanda aka ga ƙwayar a jininsa kwinin, zazzaɓi kuwa ya ragu ƙwarai a gonakin Stephansort inda ya gwada. Ya rasu a 1910.

Abin da ya gani an gan shi a ƙasarmu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi bincike a ƙauyukan Garki, yamma da Haɗejiya, cikin Jihar Jigawa ta yanzu. An iske ƙwayar a jinin jama'a da yawa da ba su kwanta ba. Aka yi feshi, aka raba magani, cutar ta ragu. Da aka daina, sai ta komo.

'Yan'uwa mazauna fadamar Haɗejiya, inda ruwa ke kwantawa a gonakin shinkafa, mu lura. Mai lafiya ma ya kwana cikin gidan sauro, a kuma ba yara maganin damina in an kawo. Yin haka ƙaunar maƙwabci ne, kamar yadda Ubangijinmu ya umurce mu.