Branch Rickey: Mutumin da ya fifita kiwo a kan saye a wasan besbol na Amurka

Wanda ya shiga kasuwar kara ta Wudil ranar Juma'a yana da zaɓi biyu: ya zuba kuɗi ya sayi ƙosasshen sa, ko ya kwashi maruƙa da araha ya yi haƙurin kiwo. Masu kula da ƙungiyoyin wasa ma haka suke, ko dai su sayi gwanin da ya riga ya yi suna, ko su ɗauko matasa su raine su. A tarihin besbol, wasan sanda da ƙwallo da Amurkawa ke ji da shi, sunan da ake fara ambata a wannan batu shi ne Branch Rickey. Ya nuna cewa kiwo ya fi saye riba, amma rayuwarsa ta kuma nuna daga aljihun wa ribar take fitowa.

An haifi Rickey ranar 20 ga Disamba, 1881, a gidan manoma masu riƙo da ɗariƙar Kiristanci ta Methodist a jihar Ohio. Tarbiyyar gidan ta bi shi har filin wasa, domin ba ya wasa ranar Lahadi. Ya yi karatu a Jami'ar Ohio Wesleyan, ya buga wa manyan ƙungiyoyi wasa tsakanin 1905 da 1907 ba tare da ya yi fice ba, sannan ciwon hannu ya dakatar da shi. Bayan ya yi jinyar tarin fuka, sai ya karanci shari'a a Jami'ar Michigan. Aikin lauya bai karɓe shi ba, ya koma besbol ta ɓangaren shugabanci.

A 1917 ya kama aiki da St. Louis Cardinals, ƙungiyar da bashi ya yi wa katutu. A wancan zamani ƙananan ƙungiyoyin garuruwa ne ke rainon matasa, su sayar wa duk babbar ƙungiyar da ta fi taya su. Idan masu farautar 'yan wasa na Cardinals suka hango yaro mai baiwa, sai attajiran New York su ji labari su ƙara farashi. Rickey ya gane cewa talaka ba ya cin gwanjo a gaban mai kuɗi. Bayan da ya haɗa dala 10,000 da ƙyar ya sayi Jesse Haines, gwanin jifa, sai ya sauya hanya: maimakon sayen ɗan wasa, ya fara sayen hannun jari a ƙananan ƙungiyoyin da kansu.

Wannan shi ne tsarin da Amurkawa suka laƙaba wa suna gona. Cardinals ta riƙa shirya gwaji a garuruwa, ta ɗauki matasa da yawa kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta raba su mataki-mataki. Lissafin Rickey shi ne a cikin yawa ake tsintar nagari. Zuwa 1940 ƙungiyar na da iko da ƙananan ƙungiyoyi kimanin 30 da ɗaruruwan 'yan wasa. Ta ci kofin World Series, wanda ke fitar da zakaran shekara, a 1926, 1931, 1934 da 1942. Daga gonar ne Dizzy Dean da Stan Musial suka fito. Rickey kan sayar da gwani tun kafin ƙarfinsa ya fara raguwa, ya kuma sayar wa Chicago Cubs da Dean a 1938 kan dala 185,000 da 'yan wasa uku.

Sai dai arahar na da tushe. Kwantiragin besbol na lokacin yana ɗauke da sharaɗin da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa ko da wa'adinsa ya cika, har sai ita ta sayar da shi ko ta sallame shi. Yaron da ya isa buga babban wasa a wata ƙungiya yana iya shafe shekaru a ƙauye kan albashi kaɗan, saboda Cardinals ta ajiye shi. Rickey kuma yana da kasonsa a ribar cinikin 'yan wasa, ga shi ya yi suna wajen maƙo idan ana batun albashi. Shugaban hukumar besbol, tsohon alƙali Kenesaw Mountain Landis, ya tsani tsarin, kuma a 1938 ya 'yantar da matasan Cardinals sama da 70.

Abin da ya ɗaukaka sunan Rickey ya faru ne bayan ya koma Brooklyn Dodgers a 1942. Fiye da shekara 50 manyan ƙungiyoyi ba sa ɗaukar baƙar fata, har baƙaƙen suka kafa gasarsu. Rickey ya sha ba da labarin Charles Thomas, ɗan wasansa baƙar fata a Ohio Wesleyan, wanda wani otal ya hana ɗaki. Ranar 28 ga Agusta, 1945, ya gana da Jackie Robinson na Kansas City Monarchs, ya nemi alkawarin cewa zai jure zagi ba tare da ramuwa ba. Robinson ya yi shekara guda a ƙaramar ƙungiyar Dodgers da ke Montreal, ya fito babban fili ranar 15 ga Afrilu, 1947, shekara 7 kafin Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati.

A nan ma imani da lissafi sun tafi tare. Gasar baƙaƙe cike take da gwanaye da babu mai taya su, kuma Rickey bai biya Monarchs ko sisi ba. Effa Manley, mai ƙungiyar Newark Eagles, ta yi ƙorafi lokacin da ya ɗauke mata Don Newcombe haka nan. Ƙofar da ya buɗe ta ba baƙaƙen 'yan wasa haƙƙinsu, amma ƙungiyoyin da suka raine su sun durƙushe cikin 'yan shekaru.

A 1950 ya sayar da hannun jarinsa na Dodgers kan sama da dala miliyan 1, ya koma Pittsburgh Pirates. A can ya ɗanɗani ɗacin kiwo: matasansa sun sha kashi sau 112 a 1952. Amma a 1954 ya ɗauko Roberto Clemente daga gonar Dodgers kan dala 4,000 kacal. Pirates ta ci kofi a 1960, shekara 5 bayan ya sauka daga kujerar.

Rickey ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar jawabi a Columbia, jihar Missouri, a Nuwamban 1965, ya mutu ranar 9 ga Disamba. A shekarar ce aka fara zaɓen matasa bi-da-bi, inda ƙungiyoyin da suka fi shan kashi ke fara zaɓa, yaro kuma ba shi da ikon ciniki da wata. A 1964 an biya Rick Reichardt kimanin dala 200,000 don ya sa hannu. Rick Monday, wanda aka fara zaɓa a 1965, kusan rabin haka ya samu. Ɗaya ɓangaren ma'aunin ya zo daga baya. Curt Flood na Cardinals ya ƙi yarda a sauya masa ƙungiya a 1969, ya faɗi a Kotun Ƙoli a 1972, amma a Disamban 1975 mai sasanci Peter Seitz ya karya sharaɗin ɗaurin. Tun 1976, wanda ya yi shekara 6 a babbar gasa yana da 'yancin zuwa inda aka fi biyansa.

Saboda haka shugabannin ƙungiyoyi na yau ke auna abu biyu: gogaggen da ake biya da tsada kan abin da ya riga ya yi, da matashin da ba a da tabbas a kansa amma yana hannu shekaru da araha. Masoya Kano Pillars sun san irin wannan lissafi, tun da Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Mai raino ba ya cin moriya sai da kwantiragi mai ƙarfi, kwantiragi mai ƙarfi kuma kan zama igiya a wuyan yaro idan babu dokar da ta iyakance shi. Rickey ya yi zamani da igiyar ba ta da iyaka, ya more ta sosai. An saka sunansa a zauren gwanayen besbol na Cooperstown a 1967, shekara 5 bayan Robinson ya riga shi shiga.