LIKITA MILA DA MAJAMI'AR ƘASA TA WUSASA

Duk wanda ya je Zariya ya kama hanyar Wusasa, zai tarar da wata tsohuwar majami'a da aka gina da jar ƙasa. Mai wucewa zai zaci soron wani basarake ne. Sunanta St Bartholomew, kuma tarihinta ba ya cika sai an ambaci Walter Miller, wanda Zagezagi suka fi sani da Likita Mila.

An haifi Mila a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke London, wato suna ɗaya da majami'ar, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya zauna a Tarabulus ta Libiya, inda ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata.

A shekarar 1900 ya biyo ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, don haka suka juya suka yada zango a Girku cikin ƙasar Zazzau. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Mila ya samu wuri a cikin birni, a Durumin Maigarke. Nan ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Zaman nasa bai zo da sauƙi ba. Mila mutum ne mai kafiya da zafin harshe. Ya soki sarakuna, ya kuma soki Turawan mulki da suka jingina mulkinsu a kan sarakunan. Su kuwa Turawan, tun da sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addinin Musulunci ba, ba su ji daɗin ganin ɗan mishan a tsakiyar birnin Musulmi ba. Mutanen birni sun sha maganinsa, amma kaɗan ne ƙwarai suka bi addininsa. Wani kaso na almajiransa ya fito ne daga Isawa, waɗanda suka neme shi a 1913. An kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna.

Daga ƙarshe matsin gwamnati ya yi rinjaye. A 1929 mishan ta bar birni ta koma Wusasa, bayan ganuwa, a gindin dutse. Sabon wurin ya kasance a hannun Guy Bullen, shi kuwa Mila ya koma Kano ya duƙufa kan fassara. A wannan lokaci ne aka gina majami'ar.

Abin lura shi ne ba a kwaikwayi coci-cocin Ingila masu duwatsu da dogayen hasumiyoyi ba. An yi ta ne da hannun magina irin ginin da muka gada. A wannan fasaha ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya shi ya bushe, sannan a jera shi. Katanga tana da kauri daga ƙasa, tana sirancewa zuwa sama, shi ya sa ciki yake da sanyi ko da bazara. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ita ke ɗaukar rufi. Idan ana son ɗaki mai faɗi sai a ɗaura baka, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya tun kafin zuwan Turawa. Sai dai ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai. In aka yi sake, damina biyu ko uku sun isa su zubar da shi.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Mila ne ja-gaban fassararsa. Ya kuma kasance cikin waɗanda suka matsa a riƙa rubuta Hausa da boko. Jama'ar da ya kafa ta fitar da Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1966. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, a makarantar majami'ar ya fara karatu.

Mila ya yi ritaya a 1935 ya tafi gida, amma ya kasa zama, ya dawo Nijeriya. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952.

Babban burin da ya kawo shi, wato mayar da Hausawa Kirista, bai cika ba. Abin da ya wanzu shi ne makaranta da asibiti da rubutun boko, da kuma wannan gini. Mu da muke Illela da maƙwabtanmu na Birnin Ƙonni muna rushe sorayen iyayenmu muna sa bulo da kwano. Ya kamata tsofaffin ɗalibai da malamanmu mu duba, tun akwai sauran magina masu sanin tubali a raye.