Sardauna da Rancen Isra'ila

An haifi Marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello a Raba cikin 1910, a Lardin Sakkwato, wanda a zamanin nan ya haɗa har da Jega, Aliero da Maiyama. Ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954.

Cikin 1960 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniyar rance da Isra'ila. Yamma da Gabas suka yi maraba, shi kuwa Sardauna ya tsame hannun Arewa, ko da yake ita ta fi kowa bukatar hanyoyi, rijiyoyi da ƙwararru. Al'amarin ba ƙarami ba ne, gama Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan jam'iyyarsa ne, kuma bai janye ba, har Isra'ila ta buɗe ofishin jakadanci a Ikko.

Sardauna ya tsaya tare da Larabawa kan batun Falasɗinu, ya zama Mataimakin Shugaban Rabiɗa ta Makka, ya samo wa aikin addini gudummawa daga Saudiyya da Kuwait. An kashe shi a Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966. Nijeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido da ita a 1992.